FASHIN BAƘI: Wa ke riƙe da kwafin bayanan gwamnati? Abin da ya kamata mutanen Birnin Kudu da Gwaram su sani kan manhajojin ajiya da matse bayanai

Albashin malamin firamare a Sundimina, da fanshon tsohon ma'aikacin lafiya a Basirka, da sunan mai jefa ƙuri'a a Kila, da fayil ɗin majinyacin da aka kwantar a asibiti a Birnin Kudu, dukansu yanzu layuka ne a cikin wani rumbun bayanai na kwamfuta. Idan layin ya ɓata, haƙƙin mai shi ya shiga garari, ko da kuwa yana da shaidu goma.

A shekarun baya hankalin jama'a ya fi karkata kan tattara bayanai: rajistar lambar NIN, da katin zaɓe, da tantance ma'aikata ta hanyar ɗaukar hoton yatsa. Ba a cika tambayar abin da zai faru ba ranar da na'urar da ke riƙe da su ta ƙone, ko ruwa ya cinye ta, ko wani ya goge abin da ke cikinta da gangan. Amsar wannan tambaya tana hannun wasu manhajoji da ke ɗaukar kwafin ajiya, su matse shi, su kai shi wani wuri. Yawancinsu kamfanoni ne masu zaman kansu ke sayar da su, kuma da kuɗin jama'a ake biya.

Mene ne rumbun bayanai, mene ne kwafin ajiya?

Rumbun bayanai manhaja ce da ke tsara bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, ta yadda mutane da yawa za su iya karantawa da rubutawa a lokaci guda ba tare da lissafi ya rikice ba. Manyan hukumomi da bankuna sun fi amfani da Oracle, da Microsoft SQL Server, da PostgreSQL, da MySQL. Rumbun yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da ake kira saba.

Kwafin ajiya kuwa hoton rumbun ne a wani lokaci takamaimai, wanda aka adana a wuri dabam domin a dawo da shi idan na asali ya lalace. Kwafa irin ta yau da kullum, wato jan fayil zuwa filas, ba ta wadatarwa a nan. Rumbun da ke aiki yana canzawa kowace daƙiƙa, don haka wanda ya kwafe shi da hannu zai iya samun rabin tsoho rabin sabo, kuma irin wannan kwafi sau da yawa ba ya buɗuwa. Aikin manhajar ajiya shi ne ta ɗauki hoton da lissafinsa ya daidaita ba tare da an tsayar da aikin ofis ba.

Kwafin iri uku ne. Akwai cikakke, wanda ke ɗauke komai, kuma galibi ana yin sa sau ɗaya a mako. Akwai na ƙari, wanda ke ɗaukar abin da ya canza kawai tun bayan kwafin baya. Akwai kuma kundin sauye-sauye, inda rumbun ke rubuta kowane canji da aka yi bi da bi. Wannan na uku shi ne ke ba da damar a mayar da rumbu yadda yake da ƙarfe 10:14 na safe, minti ɗaya kafin wani ya share sunaye dubu da ƙarfe 10:15.

Mutane da yawa na rikita kwafin ajiya da madubi. Madubi shi ne saba ta biyu da ke kwaikwayon ta farko nan take. Yana da amfani idan na'ura ta mutu, amma idan aka goge suna a ta farko, ta biyu ma za ta goge shi cikin ƙiftawar ido. Hukumar da ta ce tana da saba biyu ba ta amsa tambayar ko tana da kwafin ajiya ba tukuna.

Bayanan da suka shafi kudancin Jigawa

Birnin Kudu da Gwaram na cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma dukansu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse. Bayanan mutanensu a warwatse suke a matakai uku.

A matakin tarayya akwai rumbun Hukumar NIMC, wanda ya haura mutum miliyan 100, da rajistar INEC, wadda ta ƙunshi masu zaɓe sama da miliyan 93 a 2023, ciki har da sama da miliyan 2.3 daga Jigawa. Akwai rajistar marasa galihu ta ƙasa da ake dogara da ita wajen rabon tallafi. Akwai kuma alƙaluman asibitoci da ake shigarwa duk wata a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina ta. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda ke karɓar majinyata har daga maƙwabtan jihohi, ita ma hukumar tarayya ce mai riƙe da bayanan lafiyar jama'a.

A matakin jiha akwai jadawalin albashi, da bayanan asusun fanshon haɗin gwiwa na ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi, da takardun filaye, da bayanan haraji da kwangiloli. A 2025 gwamnatin Umar Namadi ta sanar da cewa tantancewar da ta yi ta gano ma'aikatan bogi sama da 6,000. Irin wannan sanarwa tana da ƙarfi ne matuƙar akwai tsohon jadawali da za a gwada da sabo. Ma'aikacin gaskiya da aka cire bisa kuskure, tsohon kwafin ne zai wanke shi. Wanda ya cusa sunan bogi kuma, kundin sauye-sauye ne zai nuna ranar da aka yi da kuma asusun da aka yi amfani da shi.

A matakin ƙaramar hukuma akwai rajistar kuɗin shiga na kasuwanni irin ta Sara, da bayanan ma'aikatan sakatariya, da takardun biyan kuɗi. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa waɗannan bayanai nauyi, domin duk inda kuɗi ya nufa can mai bincike zai nufa.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, jihar ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone, kamfanin da ke kula da hanyoyin sadarwa da cibiyoyin bayanan hukumominta, kuma a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata babbar cibiyar bayanai ta kamfanin a Kano. Shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne.

Hanyoyin da bayanai ke salwanta

Ta farko ita ce wuta. Ranar 8 ga Afrilu, 2020, gobara ta tashi a ofishin Babban Akanta na Tarayya a Abuja, a daidai lokacin da ake muhawara kan kuɗin tallafin korona. Jami'an gwamnati sun ce cibiyar bayanan ba ta taɓu ba, kuma akwai kwafi a wani wuri. Koriya ta Kudu ba ta yi wannan sa'a ba. Ranar 26 ga Satumba, 2025, batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, kuma wata ma'ajiyar takardun ma'aikata mai girman terabayit 858 ta ƙone ƙurmus. Dalilin da aka bayar na rashin kwafinta shi ne girmanta ya yi yawa.

Ta biyu ita ce ruwa da yankewar hanya. Jigawa na cikin jihohin da ambaliyar 2022 ta fi yi wa ɓarna, kuma a Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, inda matafiya da dama suka rasu. Kwafin da aka ajiye a durowar da ke gefen saba zai nutse tare da ita.

Ta uku ita ce wutar lantarki. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama, ciki har da yankin da kamfanin KEDCO ke ba wuta, sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya gurɓata rumbu, zafi da hawa da saukar wuta kuma suna rage wa faifai kwana.

Ta huɗu ita ce garkuwa da bayanai. Masu kutse na shigar da manhajar da ke kulle fayiloli, sannan su nemi kuɗin fansa. A Yunin 2024 an yi wa cibiyar bayanan gwamnatin Indunisiya haka, aka nemi dala miliyan 8, kuma jami'ai suka shaida wa majalisa cewa mafi yawan bayanan ba su da kwafi. A wannan watan kuma aka kai wa hukumar gwaje-gwajen lafiya ta Afirka ta Kudu hari, maharan suka goge har da wani sashe na kwafin ajiyar, sakamakon gwajin marasa lafiya ya yi ta jinkiri na makonni.

Ta biyar ita ce hannun mutum, da kuskure ko da niyya. Ranar 1 ga Agusta, 2024, yayin zanga-zangar tsadar rayuwa, an fasa Babbar Kotun Jihar Kano aka kwashe kayayyaki da takardu. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce cikin abin da aka ɗauke har da takardun shari'ar zargin rashawa da ake yi wa tsohon gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ɓangaren Ganduje kuma ya yi watsi da zargin. Ko wane ɓangare mai karatu ya gaskata, darasin ɗaya ne: inda kwafi ɗaya tak ake da shi, ɓatansa yana da riba ga wani.

Yadda ake matse bayanai

Matsewa ita ce rage girman fayil ta hanyar gano abin da ke maimaituwa. A ƙaddara rajistar ma'aikata ce mai layi dubu hamsin, kuma kowane layi yana ɗauke da kalmomin "Jihar Jigawa, Ƙaramar Hukumar Gwaram". Manhajar matsewa za ta rubuta jimlar sau ɗaya, sauran wuraren kuma ta sa 'yar gajeriyar alama mai nuni zuwa gare ta. Idan aka zo buɗewa, komai zai dawo harafi da harafi.

Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin David Huffman a 1952 da na Abraham Lempel da Jacob Ziv a 1977. A kansu aka gina gzip a 1992, da LZ4 a 2011, da Zstandard wanda Facebook ya fitar a 2016. Bambancinsu na kan ciniki tsakanin gudu da ƙanƙanta: LZ4 yana da sauri amma matsinsa kaɗan ne, gzip ya fi shi matsewa amma ya fi cin lokaci, Zstandard kuma yana barin mai aiki ya zaɓi matakin da ya dace da ƙarfin na'urarsa.

Akwai wani nau'in matsewa mai zubar da wani sashe, irin wanda WhatsApp ke yi wa hoto har ya dishe. Ba a amfani da shi a rumbun bayanai, domin sifili ɗaya da ya faɗi daga lambar asusu ya isa ya tura albashin wani ga wani.

Amfanin matsewa ya fi bayyana a inda intanet ke da rauni. Tura terabayit ɗaya, wato gigabayit dubu, ta layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin sa'o'i 222, sama da kwana tara, idan layin bai yanke ba. Idan aka matse shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, aikin zai ƙare cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i. Idan kuma bayan kwafin farko canje-canje kawai ake turawa, dare ɗaya ya isa. Ga ofishin da ke nesa da Dutse, wannan lissafi ne ke raba kwafin da ya isa inda aka tura shi da wanda ya maƙale a hanya.

Sai dai ba kowane bayani ke matsuwa ba. Rubutu da lambobi suna raguwa sosai. Hotunan fuska, da takardun da aka ɗauka da sikana, da bidiyo, an riga an matse su tun farko, don haka kusan ba sa ƙara raguwa. Rumbun da ya cika da hotunan ma'aikata ko hotunan takardun sakamakon zaɓe ba zai ba da ragin da ɗan kwangila ya nuna a takardar talla ba. Haka kuma bayanan da aka kulle da lambar sirri ba sa matsuwa, shi ya sa ƙa'ida ita ce a matse tukuna sannan a kulle. Misali, kaset ɗin ajiya samfurin LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18 a zahiri, amma ana tallata shi da 45 bisa zaton cewa bayanan za su matsu ninki biyu da rabi.

Wata dabara mai kama da wannan ita ce cire maimaici. Manhajar tana yanka bayanai gunduwa-gunduwa, ta adana kowace gunduwa sau ɗaya, ko da ta bayyana a kwafi talatin na wata guda. Tana rage kuɗin ajiya ƙwarai, amma tana da haɗari: idan gunduwa ɗaya ta lalace, duk kwafin da ya dogara da ita ya samu matsala.

Manhajar gida da ta ɗan kasuwa

Kowane babban rumbu yana zuwa da nasa kayan ajiya. Oracle yana da RMAN, PostgreSQL yana da pg_dump da pg_basebackup, MySQL yana da mysqldump, SQL Server ma yana da nasa.

Kasuwar manhajojin waje ta bunƙasa ne saboda giɓin da waɗannan suka bari. Kafin 2008, SQL Server ba ya matse kwafinsa da kansa, sai kamfanoni suka cike gurbin da LiteSpeed na Quest, da SQL Backup na Redgate, da SQL Safe na Idera. Microsoft ya shigar da matsewa a bugun 2008 mai tsada, sannan a bugun 2008 R2 ya faɗaɗa ta zuwa na gama-gari. Wannan tarihi yana da amfani ga mai duba kasafi: wani abin da ake sayarwa da tsada a matsayin ƙari, yana nan kyauta a cikin lasisin da hukuma ta riga ta biya.

A yau manyan 'yan kasuwar su ne Veeam, da Commvault, da Rubrik, da Dell, da Cohesity wanda ya haɗe da sashen NetBackup na Veritas a ƙarshen 2024. Abin da suke ƙarawa shi ne kula da saba masu yawa daga allo ɗaya, da cire maimaici, da kulle kwafi ta yadda ko babban jami'in kwamfuta ba zai iya goge shi ba kafin wa'adi, da gwajin dawowa na kai-tsaye, da fito da jadawali ɗaya ba tare da an dawo da rumbu gaba ɗaya ba. Akwai kuma manhajojin da ba a biyan lasisi, irin su pgBackRest da Barman na PostgreSQL, da Percona XtraBackup na MySQL, waɗanda manyan kamfanoni ke amfani da su. Su kuɗinsu yana tafiya ne kan horar da ma'aikaci da riƙe shi.

Manhajar ɗan kasuwa tana da nata tarko guda huɗu. Na farko, ana biyan lasisi da dala, galibi duk shekara, kuma bisa girman bayanai ko yawan na'urori. Tun bayan sauya tsarin canjin kuɗi a Yunin 2023, abin da aka ƙulla da dala ya ninka a naira. Na biyu, da yawa suna adana kwafi a sigar da manhajarsu kaɗai ke iya buɗewa, don haka hukumar da ta raba gari da kamfani na iya samun kanta da akwatin da ba ta da mabuɗinsa. Na uku, manhajar kanta ƙofa ce: a 2023 an gano wata kafa a manhajar Veeam wadda gungun masu garkuwa da bayanai suka yi amfani da ita kan waɗanda ba su sabunta tasu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na huɗu, idan ɗan kwangila ne kaɗai ke riƙe da lambobin sirri, to a aikace shi ke mulkin bayanan, ko da sunan gwamnati ne a takarda.

Ƙa'idojin da ƙwararru suka yarda da su

Mafi shahara ita ce ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Saboda masu garkuwa da bayanai, an ƙara sharaɗin cewa kwafi ɗaya ya kasance a yanke daga intanet ko kuma a kulle yadda ba ya goguwa.

Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya nuna dalili. A Yunin 2017 manhajar NotPetya ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya, har da dukan sabar da ke riƙe da rajistar masu shiga tsarinsa, domin duk a haɗe suke suna kwaikwayon juna. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsa na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can lokacin harin. Da ita aka sake gina sauran. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Ana auna kowane tsarin ajiya da ma'auni biyu. Na farko, wanda ƙwararru ke taƙaitawa da RPO, shi ne yawan aikin da za a iya jure rasawa: idan sau ɗaya a mako ake kwafi, to aikin kwana shida na iya tafiya. Na biyu, RTO, shi ne tsawon lokacin da za a ɗauka kafin aiki ya dawo. Ofishin albashi zai iya jure kwana ɗaya a tsakiyar wata, amma ɗakin gwajin jini na asibiti ba zai jure sa'o'i masu yawa ba.

Sama da duka akwai gwaji. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun kamfanin bisa kuskure. Da aka duba, sai aka tarar hanyoyi biyar da suke taƙama da su ba wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai.

Ajiya a cibiyoyin kamfanoni ta intanet, wadda ake kira gajimare, ba ta ɗauke wannan nauyi. A Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma abokan cinikin da kwafinsu ke cikin harabar sun yi asara. Ranar 14 ga Maris, 2024, yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da ayyukan bankuna da dama a Najeriya.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta shafi hukumomin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Sashe na 39 ya wajabta matakan tsaro, ciki har da hanyar dawo da bayanai cikin lokaci bayan wani haɗari, da gwada matakan a kai a kai. Sashe na 40 ya ce a sanar da Hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Dokar ta kuma buƙaci rubutacciyar yarjejeniya da duk ɗan kwangilar da ke sarrafa bayanai, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasashen waje. Ƙa'idojin NITDA na 2013 kuwa sun ce a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa.

Kwafin ajiya shi kansa abin sata ne, domin ya tattara komai wuri ɗaya. A 2024 jaridar FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya, wani a kan naira 100 kacal. Kwafin da ba a kulle ba, a hannun ɗan kwangila, wata hanya ce da irin wannan ke iya faruwa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi adana bayanansu cikin tsari, da amsa buƙata cikin kwana bakwai. Sashe na 10 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata ko ya sauya bayanai da gangan. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa dokar tana aiki a kan jihohi ma. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya sa sharuɗɗan karɓar bayanan kwamfuta a kotu, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki daidai. Rigingimun sabar INEC a 2019 da na shafin IReV a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, sun nuna yadda shari'ar siyasa ke iya rataya kan tambayar abin da na'ura ta riƙe da wanda ba ta riƙe ba.

Tambayoyin da ɗan ƙasa zai iya yi

Ƙungiyar matasa a Birnin Kudu ko Gwaram ba ta buƙatar injiniya kafin ta rubuta wa sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar kuɗi a Dutse, ko ofishin bin ƙa'idar kwangila na jiha. Ɗan majalisar jiha ma zai iya yin waɗannan tambayoyi a zaman kare kasafi:

1. Wace manhaja ake amfani da ita wajen ɗaukar kwafi, nawa ake biya duk shekara, kuma da wane kuɗi?
2. Wane kamfani aka ba kwangilar, ta wace hanya, kuma yaushe wa'adinta zai ƙare?
3. Sau nawa ake ɗaukar kwafi, kuma tsawon wane lokaci ake riƙe tsofaffi?
4. Akwai kwafi a wani gari dabam, akwai kuma wanda ba ya goguwa?
5. Yaushe aka yi gwajin dawowa na ƙarshe, sa'o'i nawa ya ɗauka, wa ya sa hannu a rahoton?
6. Wa ke riƙe da lambobin sirri, kuma me yarjejeniya ta ce game da miƙa bayanai idan kwangila ta ƙare ko gwamnati ta sauya?

Hukuma na iya ƙin bayyana takamaiman wurin da kwafi yake ko tsarin tsaronsa, kuma wannan uzuri ne mai karɓuwa. Farashin kwangila, da sunan kamfani, da ranar gwajin ƙarshe ba sa cikin wannan uzuri. Idan kwana bakwai suka wuce ba amsa, doka ta ɗauki hakan a matsayin ƙi, kuma mai buƙata yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu.